Hatimin Iyakar Seme

Duk wanda ya saba bin hanyar Legas zuwa Kwatano ya san iyakar Seme ba ta son gaggawa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar yin kwana 90 a Benin ba tare da biza ba, amma ba ta ce a wuce hannu rabbana ba. Fasfo ko wata takardar tafiya sai an nuna, kuma a ganina abin lura shi ne hatimi: na fita daga Najeriya, na shiga Benin. Ɗan acaɓa zai ce maka, "Alhaji, hau mu zagaya ta baya, layin nan ba ya tafiya." In ka hau, ranar kam ka huta. Ran dawowa jami'in shige da fice zai yi ta buɗa shafi yana neman ranar shigarka, kai kuwa bakinka ya mutu.

Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan. Ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10, amma tun 2016 guda ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ni nakan ɗaure shi da roba cikin fasfo, in kuma canji 'yan sefa na kuɗin mota tun daga Legas.