Kuɗin Talla Da Karatun 'Yan Mata

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarmu mai farin jini, in yi magana a kan 'ya'yan talakawa mata da su ke barin makaranta tun karatu bai kankama ba.

Ni dai akawu ne, aikina rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, saboda haka da idon akawu zan dubi maganar. Kullum aka ta da zancen nan sai ka ji mu masu albashi muna cewa jahilcin iyaye ne. Ni ban yarda ba. Uwar da ta cire 'yarta daga aji ta aza mata farantin talla ta fi da yawanmu iya lissafi.

Mace ce tana cikin kulle, ba ta zuwa kasuwa. Ta yi ɗanwake ko alala, ta soya ƙosai ko awara, to, wa zai kai waje? Yarinyar nan ita ce ƙafarta, ita ce bakinta. Da ribar a ke cefane ran da maigida ya komo hannu rabbana, da ita a ke zubin adashi, da adashin kuwa a ke tara kayan ɗaki, watau gado da katifa da kwanoni da za a jera wa ita yarinyar ranar da aka kai ta gidan miji. Kowa ya san gorin da dangin miji kan yi wa amaryar da aka kai da ɗaki wayam. Kadan ka ce wa uwar nan ta bar 'yarta a aji tun safe har azahar, ka rufe mata kasuwa ke nan daidai lokacin ciniki.

Doka kam akwai ta. A 1976 Gwamnati ta buɗe karatun firamare kyauta ga kowa, a 2004 kuma aka yi dokar da ta ce shekara 9 na fari kyauta ne, kuma tilas: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Amma doka kuɗin makaranta kaɗai ta ɗauke, ba ta mayar wa uwa ribar da ta rasa ba. Ga ɗinkin kayan makaranta, ga littattafan rubutu. In yarinya ta gama aji 6, sau da yawa sakandaren tana wani gari, sai an biya kuɗin mota ko a kai ta ta kwana. Tun da aka sace 'yan mata 276 a Cibok a 2014, aka koma Dapci a 2018 da Jangebe a 2021, wa zai ga laifin uban da ya yi ɗari-ɗari da makarantar kwana?

An gwada magani, an kuwa ga amfaninsa. Daga 2014 zuwa 2016, a jihohin Sakkwato da Neja, hukumar UNICEF tare da gwamnatocin jihohin sun riƙa ba iyaye naira 5,000 kowane wata 3 a kan kowace yarinya, 'yan mata suka ƙaru a azuzuwa. A 2020 kuma Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 500 domin shirin AGILE, a gina sakandare kusa da gida, a tallafa wa matalauta da kuɗi. Abin da ke damuna, kowane shiri wa'adi gare shi, talla kuwa ba ta da wa'adi. Lalle ne jihohi su sa kuɗin nan cikin kasafinsu na kowace shekara, a danƙa shi hannun uwa, a kan kari, bisa ga littafin kiran suna. Inda ba hali, a buɗe ajin la'asar, yarinya ta sauke faranti sa'an nan ta ɗauki littafi.

Saura kayan ɗaki, wannan kuwa ba aikin Gwamnati ba ne. Ina roƙon sarakunanmu da limamai da masu unguwanni su zauna su yanka iyakar abin da za a jera wa amarya, mai arziki da talaka duka, sa'an nan masu hali su fara bi a kan 'ya'yansu, domin su a ke kallo.

Haza wassalam.

Naka,
Wani Akawu, Zariya.