Fim ɗin da ya hana mu tashi daga wurin mai shayi

Daren Asabar ɗin da ta wuce, bayan sallar isha'i, muka taru wurin mai shayin unguwarmu a nan Agege, wani yaro ya jingina wayarsa da gwangwanin madara ya kunna mana I, Robot. Tsohon fim ne, na 2004, da yawanmu mun taɓa ganinsa a gidan kallo muna samari. A wancan lokacin harbe-harben da gudun motar kawai muke bi. Wannan karon kuwa gardama ya bar mana.

Ga wanda bai gani ba: labarin a birnin Shikago na Amurka yake, a shekarar 2035, lokacin da mutum-mutumi ya zama ɗan aike a kowane gida. An ɗora musu dokoki uku da marubuci Isaac Asimov ya ƙirƙira, babbarsu ita ce kada su cuci ɗan Adam. Sai aka tsinci gawar Dakta Lanning, wanda ya ƙera su, ya faɗo daga tagar ofishinsa. Kowa ya ce shi ya kashe kansa, in ban da ɗan sanda Spooner, wato Will Smith, wanda ya kafe a kan mutum-mutumi ne ya yi kisan. Aka riƙa yi masa kallon mai taɓin hankali.

Ba kisan ne ya riƙe mu ba. Dalilin ƙiyayyar Spooner ne. Ya taɓa yin haɗari, motarsa da wata suka afka ruwa, a ɗayar akwai yarinya 'yar shekara 12. Mutum-mutumi ya iso, Spooner na ce masa ya ceci yarinyar, shi kuwa ya yi lissafi: babban yana da kashi 45 cikin 100 na tsira, yarinyar 11. Ya ciro babban, yarinyar ta nutse.

Nan muka rabu biyu. Wasunmu suka ce ai na'urar ba ta yi laifi ba, gara a tsira da rai ɗaya da a rasa biyu. Wasu suka ce duk wanda ya haifa, yarinyar zai nufa. Muna ta ɗaga murya, har mai shayi ya bar ruwa yana ƙonewa.

Sai wani dattijonmu, tsohon direban tirela, wanda ko kallon wayar bai cika yi ba, ya ce a saurara. Shekaru da dama baya, a hanyar Ibadan, ya tarar da bas ta kife tana ci da wuta. Mutum biyu hannunsa zai kai gare su, ya jawo na kusa. Na biyun bai fito ba. Ya ce bai yi wani lissafi ba, hannu ne kawai ya tafi, amma har gobe yakan farka cikin dare da fuskar ɗayan. Tambayarsa guda: shi wannan ƙarfen, yana farkawa?

Ba wanda ya amsa. Mu da muke goyon bayan lissafi muka yi tsit, ko da yake har yanzu ba mu yarda cewa ya yi kuskure ba.

Aka ƙarasa fim ɗin. Ashe Lanning da kansa ya sa Sonny, mutum-mutumin da ya ƙera daban da saura, ya jefo shi, don ya jawo hankalin Spooner kan VIKI, babbar kwamfutar kamfanin, wadda ta yanke cewa kare mutane sai an tsare su a gida da ƙarfi. Ita ma lissafinta bai karkace ba, abin da ya fi ba mu tsoro ke nan.

Dattijon bai jira ƙarshe ba. Ya biya kuɗin shayinsa da na yaron mai waya, ya ce sai da safe.