Daga GRA Ta Gombe Zuwa Sama: Tsohon Matuƙi Da Sabon Jirgi

Duk baƙon da ya shiga unguwar GRA ta Gombe da sassafe, abin da zai fara lura da shi shi ne shiru. Itatuwan dogon yaro sun yi wa tituna rumfa, hayaniyar Jekadafari da Pantami kuwa sai ka ce a wani gari dabam ake yin ta. A nan manyan ma'aikata suka saba zama tun Gombe tana cikin Jihar Bauchi, kafin a ba ta tata jihar ran 1 ga Oktoba, 1996.

A ɗaya daga cikin gidajen nan akwai wani dattijo wanda ya koyi tuƙin ƙaramin jirgin sama tun yana saurayi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Hidimar iyali da aikin ofis suka raba shi da jirgi shekara da shekaru. Da ya yi ritaya sai sha'awa ta motsa, musamman da yake tun 2008 jirage na sauka a filin Lawanti, a kan hanyar Bauchi.

Da ya koma ga malaman tuƙi, sai ya tarar duniya ta sake. A zamaninsa agogo shida ne a gaban matuƙi: na gudu, na tsayi, na karkatar jirgi, na juyawa, na alkibla, da mai nuna hawa ko gangara. Yanzu, a ƙananan jirage irin su Diamond DA40 na ƙasar Ostiriya, gilasai biyu masu kama da talabijin sun maye gurbinsu, watau na'urar Garmin G1000 da ta fito a 2004. Na hagu yana nuna halin da jirgi ke ciki, na dama kuwa taswira ce mai tafiya, wadda tauraron ɗan'adam ke gaya mata inda jirgin yake, ga layi an ja har inda za a sauka.

A da, wanda ya nufo Gombe da ido yake neman ta. Ya bi layin dogo wanda ya iso garin a 1963, ya hango ruwan madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola daga gabas, da Dutsen Bima, da kamfanin siminti na Ashaka can arewa. In hazo ya sauko cikin hunturu, duk waɗannan alamu su ɓace, dole mutum ya haƙura da tafiya.

To, a nan haɗarin yake. Taswirar gilashi ba ta san hazo ba, saboda haka tana iya ruɗar mutum ya kutsa inda idonsa ba ya gani. Amma bisa ƙa'ida, mai tuƙi da ido yana bukatar ganin nisan kilomita 5, kome kyan na'urarsa. A 2010 hukumar binciken haɗura ta Amurka ta gano cewa ƙananan jirage masu irin wannan gilashi ba su kai masu tsofaffin agogai yawan haɗari ba, amma sun fi su yawan haɗarin da ake rasa rai a ciki. Shawarar da ta bayar ita ce a ƙara wa matuƙa horo.

Shi ya sa doka ba ta duba furfura. Sai likita ya gwada ido da zuciya, sai malami ya zauna a gefe ya ga hannu, kuma ba a ɗaukar fasinja sai an tashi an sauka sau uku cikin kwana 90 da suka wuce. Dattijon ya bi wannan duka ba gardama, yana karɓar gyara daga malami sa'an ɗansa. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne ɗaga kai daga gilashin ya dubi waje.

Da yamma, in jirgin fasinja ya gitta ta saman GRA, yakan ajiye littafin na'urar ya bi shi da kallo, sa'an nan ya koma karatu. Gemu dai ba ya hana ilmi.