Juma'ar Ɗan Ci-rani a Jidda

A Saudiyya hutun mako Juma'a da Asabar ne tun 2013, amma mu masu tsaron shago Juma'a kaɗai muke samu. Sauran kwana shidan, daga aiki sai ɗakin da muke kwana mu huɗu.

Idan rana ta yi sanyi mukan tafi bakin Bahar Maliya, ko mu zaga tsohon gari, Balad, mu yi karo-karo mu sayi kazar Albaik. Ran da aljihu ya yarda, sai Makka Umara, tafiyar kamar awa ɗaya a mota.

Hoton wannan yinin kaɗai ake gani a gida. Ina ɗora shi saƙonni za su fara shigowa: "Alhaji, a tuna da mu." Ba wanda ya san riyal nawa ke saura bayan na tura wa Umma kuɗin cefane da na makarantar ƙannena. Duk da haka ba na fasa fita, don zaman ɗaki a garin da ba dangi tunani yake haifarwa.

Don Allah ku riƙa tambayar lafiyarmu kafin ku tambayi aike. Allah ya mai da mu gida lafiya.