Gurbin da Babu a Rajista

Rajistar aji alama biyu kawai ta sani: ya zo, bai zo ba. Kowace safiya malami zai buɗe ta, ya fara da sunayen maza, in sun ƙare ya gangara kan na mata. Duk wanda ya riƙe alli a makarantar gwamnati a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya san yadda ɓangaren mata yake tafiya. A farkon zango cike yake. Ranar kasuwa sai ka ga giɓi, don farantin talla ya riga jakar makaranta fita. Lokacin karyar masara da cirar auduga giɓin ya ƙaru. Daga aji biyar zuwa shida kuwa akwai sunayen da za ka yi ta kira ba amsa, har wata daga can baya ta ce, "Malama, an sa mata rana," ko "Sun tashi, sun koma Funtuwa," ko "Innarta ta haihu, ita ke riƙe da gida." Sai a ja layi a kan sunan. Dalilin da yarinyar nan ta faɗa da bakinta, wanda shi ne dukan labarin, ba shi da wurin zama a takarda.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ido ke wucewa saboda sabo. Tsintsiya kullum a hannun mata take. In ana son ruwa a ofishin hedimasta, mace ake aika. In ana son monita mai rubuta sunan masu surutu, namiji ake nema. Inda benci bai isa ba, duba ka ga su wa ke ƙasa. Makarantar da ba ta da banɗaki mai ƙofa, manyan 'yan mata in sun fita tara ba duka ke dawowa ba, kuma ba wadda za ta iya gaya wa malami namiji dalili.

Karatu ne ya sa idona yake tsayawa a kan waɗannan abubuwa, musamman littattafan da mata suka ba da labarin rayuwa ta gaskiya, ba ƙagagge ba. Chimamanda Adichie, a ɗan littafinta na 2014 kan 'yancin mata, ta ba da labarin yadda ta fi kowa maki a firamare a Nsukka, aka kuma hana ta zama monita don kawai ita mace ce. Tsakanin Nsukka da nan akwai tafiya, amma abin da ya faru a ajin nan nata yana faruwa a namu har gobe.

Sai dai littafin da ya fi shiga raina daga maƙwabta ya fito. A ƙarshen 1949 da farkon 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa mai suna Baba, mazauniyar Giwa ta ƙasar Zazzau, tana rubuta abin da take faɗa mata da Hausa. Giwar nan dai da muke ratsawa in mun ɗauki hanyar Funtuwa zuwa Zariya. Littafin ya fito da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo, ita kuwa Baba ta rasu a 1951, ba ta gan shi ba. Ba ta iya karatu da rubutu ba. Ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, ta yi riƙon 'ya'yan dangi. Abin da ta zauna ta lissafa shi ne abin da littattafan tarihin sarakuna suka tsallake: yadda ake ƙulla ƙawance tsakanin 'yan mata har ya zarce zuwa tsufa, yadda mace ke tara ɗan kuɗinta da kaɗi da sana'ar cikin gida, wankan jego, zama da kishiya, ranar da mace ke yanke shawarar ta gaji da aure da yadda take bi ta fita. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba, ba ta kuma nemi a tausaya mata ba. Ta faɗi wanda ya yi aiki, da wanda ya ci moriyarsa, ta bar mai saurare ya yi lissafi.

Akwai kuma shafukan da ba a iya karanta su a Faskari da kwanciyar rai. Baba ta tashi a zamanin mahara. Ta ba da labarin yadda ake afka wa ƙauye a kwashe mata da yara, dangi su bi sawu, su yi ciniki, su tara wuri su fanso nasu. Wanda ya karanta wannan a Landan tarihi ya karanta. A nan kuwa ba malamin da bai san gidan da aka sayar da gona ko shanun noma don haɗa kuɗin fansa ba.

Daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai daji. Ranar 17 ga wata aka sako su, gwamnati ta ce yara 344 ne. Duniya ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, kuma haka ya kamata; 'ya'yanmu ne, kuma waɗanda suka ga iyayensu mata zaune a ƙofar makarantar nan ba za su manta ba. An rufe makarantun kwana a jihar. Amma a makonnin da suka biyo baya an yi wata kwasar da ba ta da hayaniya. A gidaje da yawa an zauna an yi shawara, kuma in za a bar ɗaya ya ci gaba da bin hanyar makaranta a tsare ɗaya a gida, kowa ya san wadda za a tsare. Waɗannan ba a yi musu jerin gwano ba, ba a sa su a rediyo ba. A Satumba 2021 aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, sai uwar da 'yarta ke tafiya ƙasa zuwa makarantar wani gari ta rasa ko hanyar tambayar an isa lafiya.

Shi ya sa in uba ya ce mini, "Malama, gara in ga ta shiga ɗakinta tun ina da rai," ba na jin jahilci a maganarsa. Tsoro nake ji, kuma tsoron gaskiya ne. Abin da nake iya tuna masa, cikin ladabi, shi ne cewa a Fabrairu 2024 'yan kai amarya aka tare a yankin Damari na Sabuwa, aka tafi da mata fiye da 50. Hanyar ɗakin miji da hanyar makaranta daji ɗaya suke ratsawa. "Baba," nakan ce, "in ƙaddara ta raba ta da gida ko da miji, wadda ta iya karanta takardar asibiti da lissafin jarinta ta fi samun abin kamawa." Wani ya saurara, wani ya ce zai yi shawara.

A ɗakin malamai ma akan taɓa ni. Wani abokin aiki, dattijo mai kirki, yakan ce, "Malama, waɗannan littattafan naku na Turawa za su ɗaure wa yaranmu gindin raina maza." Amsata ba ta da nisa. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta naɗa jajoji, ta ɗora musu malfa, ta tura su ƙauyuka su koyar da matan da ba za su iya barin gidajensu ba, abin da ake kira 'Yan Taru. Mahaifinta a Nurul Albabi ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. Kusa da mu kuma, a Bakori aka yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa a Maris 2002, kotun Funtuwa ta tabbatar a Agusta, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke shi ranar 25 ga Satumba 2003. Lauyoyinta, irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, da littattafan fiƙihun Malikiyya suka kare ta, kuma Hauwa ta rubuta littafi daga baya kan yadda ake neman adalci a cikin kotunan shari'a. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau 16, matan Arewa kuwa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai 1976. Duk waɗannan namu ne. Dattijon yakan gyaɗa kai, ya ce Nana dai ba a ja da ita.

Abin da ke hannun malamar aji kaɗan ne, amma akwai shi. Shara ta koma bi-da-bi, maza da mata. Monita na wanda ya fi ƙoƙari ne. Ina da ɗan littafi a jaka inda nake rubuta dalilin kowane fashi kamar yadda yara suka faɗa, kuma shi ya nuna mini cewa aure da gudun hijira ba su ne kaɗai ba. Sau da yawa abin bai wuce yagaggen hijabi ba, ko kuɗin jarrabawa, ko kwanakin al'ada ba audugar mata, ko ƙanin da ba mai goyo. Irin waɗannan, in an kai maganar wurin malamar Islamiyya ko ungozomar unguwa, su da ake buɗe wa ƙofa ba a tambaye su me ya kawo su ba, sau tari yarinya takan dawo.

Aikin gidan da na fi so shi ne wanda na aro daga Baba: kowa ya je ya zauna da kakarsa ko wata gwaggo, ya tambaye ta sana'ar da ta yi, da abin da ta saya da kuɗinta na farko, ya rubuto da Hausa. Abin da ke dawowa ya fi ƙarfin maki. Akwai wadda ta aurar da 'ya'ya mata da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Akwai wadda ta yi shekaru tana tsinkar auduga a gonakin Daudawa. Akwai wadda ta goya jikoki ta fito da su daga ƙauyensu cikin dare, ta kuma lissafa wa jikanta sunan kowace rijiya da kowace kuka da suka baro. Wani yaro ya kawo nasa ya ce, "Malama, ashe gonar da muke nomawa Kaka ce ta saya." Takardun suna nan na tara su a kwali. Abin da nake nema yanzu shi ne mai injin buga takardu a Funtuwa da zai yi mini sauƙi, a haɗa su wuri ɗaya a cire sunaye, don 'yan ajin baɗi su samu abin karantawa da Hausa wanda ya fito daga garuruwansu.