Ranar da na kusa ɓata sunan rijiyar Baba

Furojek ɗina na ƙarshe a kan ruwan sha ne: rijiyoyin burtsatse 12 a Gyadi-Gyadi da Tarauni, har da wadda 'yan ga-ruwa ke cika jarkoki a bakin layinmu. Mai rijiyar dattijo ne, Baba muke ce masa, tun ina firamare yake sayar wa unguwa ruwa.

Ranar farko da na shiga lab da kwalabena, na ɗauko mitar pH daga durowa, na ɗauraye elektrod ɗin, na tsoma. Ruwan Baba ya nuna 5.7. Ka'idar ruwan sha ta Nijeriya kuwa tsakanin 6.5 ne da 8.5. Sauran rijiyoyin ma duk ƙasa da 6 suka ba ni. Maimakon hankalina ya tashi, wallahi murna na yi, don na samu abin rubutawa a babi na huɗu. Da daddare ina cin tuwo na faɗa wa Umma cewa ruwan Baba akwai asid a ciki. Kun san sauran. Kafin Juma'a gida uku sun daina karɓar kurar da ke ɗebowa daga can, wata ma ta ce dama tana jin cikinta na yi mata zafi.

Ran Litinin na kai wa malamin da ke kula da lab takardata. Ya duba, ya ɗago ya kalle ni.

"Rijiya sha biyu, duk lamba kusan ɗaya? Ka gwada elektrod ɗin kafin ka fara?"

Na ce, "Malam, ai ya kunnu, kuma ya ba da lamba."

Ya ce, "Agogon da ya tsaya ma ai yana ba da lamba. Ɗauko bafa."

Bafa ruwa ne da aka haɗa, an riga an san pH ɗinsa: akwai na 4, na 7, da na 10. Muka tsoma a na 7. Mita ta yi ta rawa kusan minti uku kafin ta tsaya a 5.8. Nan take gumi ya karyo mini, alhali fanka na juyawa.

Daga nan Malam ya mayar da mitar ɓangaren milibolt, abin da ban taɓa dannawa ba a shekara biyu. Ashe elektrod ba pH yake aunawa kai tsaye ba. Ƙwallon gilashin da ke bakinsa ƙaramin ƙarfin lantarki yake samarwa, mita ce ke juya shi zuwa lamba. Lafiyayyen elektrod a bafa 7 ya kamata ya nuna kusan sifili, ko ya kauce kada ya wuce milibolt 30 sama ko ƙasa. Kuma duk matakin pH ɗaya, a zafin digiri 25, milibolt 59.16 ne. Wato daga bafa 7 zuwa bafa 4, mataki uku, ana sa ran tazarar kusan 177. Namu ya ba da 70 a bafa 7, ya ba da 195 a bafa 4. Tazara 125 ke nan, kashi 70 cikin 100 na abin da ya kamata. Yawanci daga kashi 95 zuwa 105 ake yarda da shi. Lissafin Nernst da muka haddace don jarrabawa muka watsar, shi ne a gabana yana tona mini asiri.

Da muka duba, murfin bakinsa a bushe yake ƙamas, farin gishiri ya daskare a gefe, ruwan cikinsa ya yi ƙasa. Gilashin nan sai da laima yake aiki, don haka a ruwan KCl ake ajiye shi. Ba a barinsa a bushe, ba a kuma jiƙa shi a ruwan distil, domin yana zuƙe gishirin da ke cikinsa. Ni kuwa har goge shi na yi da tishu, alhali ɗan dangwalawa kawai ake yi. Wani abu kuma da ya shafe mu a Kano: 59.16 ɗin nan na digiri 25 ne. Idan lab ya kai 35, kamar yadda yake yi a watan Afrilu in babu wuta, lambar ta haura 61. Sai ka auna zafin ruwan ka gaya wa mita.

Muka wanke shi, muka zuba sabon KCl, ya kwana a jiƙe. Washegari ya ba da 12 a bafa 7, 183 a bafa 4, kashi 96, kuma cikin daƙiƙa 30 yake tsayawa. Muka daidaita mitar. Tsofaffin kwalaben dole na zubar, saboda pH na sauyawa idan ruwa ya daɗe a ajiye. Na sake zagaya unguwa a Adaidaita Sahu da kuɗin aljihuna. Ruwan Baba ya nuna 6.9.

Wannan ba ya nufin ruwan ya tsallake komai. pH bai san da zaman ƙwayoyin cuta ba, wannan gwaji ne daban, kuma shi nake kai yanzu. Amma asid ɗin da na yaɗa, babu shi.

Bayan Magariba na same shi a kan benci kusa da tankin. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne na fara maganar nan, kuma kuskure ne daga wajena. A yafe mini." Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Yaro, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma bakin da ya kai maganar gidaje, shi zai je ya ɗauko ta."

Gida biyu na shiga a daren, sun ce sun ji. Na ukun har yau daga wani layin suke sayen ruwa.