Nasihar Dattijo a kan Maganin Tsinka Jini

Daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki Yake yi wa bawan da Ya tsawaita wa kwana, akwai wannan, cewa yakan ga al'amari tun yana baƙo a gari har ya zauna ya zama ɗan gida, ya kuma ga abin da jama'a suka yi da shi, na alheri da na ɓarna. Mu da muka tashi a ƙasar Arewa, nan Sukukutane da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a zamanin da ba a san wani magani ba sai saiwa da sassaƙe da rubutun allo, sa'an nan ɗan kinin da akan samo daga Dogon Dutsi, ga shi mun rayu har mun ga lokacin da da wuya ka laluba aljihun dattijo ba ka taras da ƙullin ƙwayoyi ba. A cikin ƙwayoyin nan akwai wani jinsi da ya fi sauran bukatar a yi bayaninsa, saboda amfaninsa babba ne, haɗarinsa kuma ba ƙarami ba ne, wato maganin tsinka jini, wanda likitoci ke ba mutum don tsare shi daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Daskarewar jini a asalinta rahama ce, domin ba don ita ba, da ƙaya ma in ta soki mutum a gona sai jininsa ya yi ta tsiyaya har rai ya yi halinsa. Amma idan shekaru suka taru, hawan jini ya daɗe yana dukan jijiyoyi, kitse ya lafe a bangonsu, balle a ce akwai ciwon sukari ko shan taba, sai jinin ya riƙa curewa a inda ba a bukata, a can cikin jijiya. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a lambunan Dallol Mauri ya san abin da ke faruwa in laka ta toshe magudana: fangalin da ke gaba ya bushe, ko da rijiya cike take. To, idan gudan jinin ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, shi ne bugun zuciya. Idan kuwa ya tsaya a hanyar ƙwaƙwalwa, sai ka ga mutum yana cikin magana baki ya karkace, hannu ya saki, harshe ya yi nauyi.

A da, in haka ta auku a ƙasar nan, abin da akan ce shi ne iska ta taɓa shi, ko kuwa an yi masa jifa, a tafi neman taimako inda aka saba. Ban zo don in yi wa magabata gori ba, da abin da suka sani suka yi aiki. Sai dai akwai hujjar da ya wajaba kowane mai gida ya riƙe: shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce, kuma da ido ba a rarrabe su. Akwai ta toshewa, akwai ta fashewar jijiya, inda jini ke malala cikin ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, aka bayyana sakamakonsa a 2018, ya nuna kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo ta fashewa ce ta same su, kuma hawan jini ne kan gaba cikin sabubba. Saboda haka wanda ya ga ɗan'uwansa ya faɗi, ya yi maza ya ɗura masa asfirin don ya ji an ce yana tsinka jini, mai yiwuwa ne ya ƙara wa jinin da ke zuba gudu, alhali kuwa shi taimako ya nufa. Abin da ke raba gardama shi ne hoton kai na na'urar sikana, wadda sai manyan asibitoci irin na Yamai ake samunta. Wajibin iyali shi ne su gaggauta kai maras lafiya ga ma'aikatan lafiya, su bar hukuncin magani a hannunsu.

Magungunan nan gida biyu ne. Gida na farko shi ne na asfirin, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayarwa a 1899, shekarar da Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransawa a Lugu. An yi shekaru fiye da saba'in ana shan sa don zazzaɓi da ciwon kai kafin wani masani Baturen Ingila, John Vane, ya gano a 1971 yadda yake aiki a jiki. Aikinsa a jini shi ne ya hana wasu ƙananan ƙwayoyi manne wa juna, kuma ɗan kaɗan ya wadatar, miligiram 75 zuwa 100 a yini, wanda a farmasi za ka ji ana kiransa Kardégic ko Aspégic. Tasirinsa a kan ƙwayoyin da ya taɓa yakan kai kwana bakwai zuwa goma. Abokin tafiyarsa shi ne Plavix. Gida na biyu ya fi ƙarfi, ya kuma fi bukatar tsaro, shi ne na warfarin da danginsa, Sintrom da Previscan, waɗanda ake ba mai zuciyar da bugunta ya rikice, ko wanda ƙofofin zuciyarsa suka lalace, ko wanda jini ya cure masa a ƙafa ko a huhu.

Labarin asalin warfarin ya kamata makiyayan ƙasar nan su ji shi, don a cikin garke aka fara ganin sa. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa a arewacin Amurka da Kanada ta wata hanya mai ban tsoro: a yanke wa sa ƙaho ko a dandaƙe shi, jini ya ƙi tsayawa har ya faɗi. Da aka bi sawu sai aka taras wata ciyawa ce da suke busarwa su adana, in ta yi funfuna sai ta zama guba. A 1933 wani manomi ya kai jinin saniyarsa da ya ƙi daskarewa Jami'ar Wiskonsin, wurin wani masani mai suna Karl Link, wanda shi da almajiransa suka yi shekaru suna ɗawainiya har suka ware sinadarin. Daga gare shi aka haɗa warfarin, aka fara sayar da shi a 1948 a matsayin gubar ɓera; sai a 1954 aka yarda a ba ɗan Adam, har shugaban Amurka Eisenhower ya sha shi a 1955 bayan bugun zuciya ya same shi. Ban kawo wannan don in tsorata mai sha ba. Rayukan da maganin ya zama sababin cetonsu Allah kaɗai Ya san adadinsu. Na kawo shi ne don a gane cewa abin da ya raba gubar da maganin a nan shi ne awo, kuma mai awon likita ne.

Malamanmu na zaure sun karantar da mu cewa kowane al'amari yana ɓaci ta fuska biyu, ifraɗi da tafriɗi, wato wuce iyaka da gazawa, kuma duka biyun na gan su a kan wannan magani. Gazawar ta fi yawa. Mutanenmu sun saba da maganin da ake ji a jiki: ka sha kinin zazzaɓi ya sauka, ka san ya yi aiki, ka ajiye sauran. Maganin tsinka jini kuwa ba ya sa ka ji komai, don aikinsa tsare ka ne daga abin da bai zo ba tukuna. Sai mutum ya sha na wata biyu ko uku, ƙafa ta warware, ya koma sallar jam'i da ƙafarsa, ya ce ai ya warke. Ko damina ta faɗi, kuɗi su tafi ga iri da ƙwadago, ya ce in an yi girbi ya ci gaba. A cikin wannan tazara ce ciwon kan dawo, kuma sau da yawa na biyu ya fi na farko muni. Wanda aka sa wa ɗan ƙarfen buɗe jijiya a zuciya, shi kam barin maganin ba da izinin likita ba kasada ce da rai. Wanda kuwa mantuwa ta sa ya tsallake yini, kada ya ce zai rama da biyu washegari; ya ci gaba da ƙa'idarsa, ya kuma gaya wa likita in ya je.

Wuce iyakar kuwa, abin baƙin ciki, daga kyakkyawar ɗabi'armu take fitowa. Ba'are, wato ɗan ƙasar Arewa, ba ya cin abu maƙwabcinsa na kallo, kuma wannan karamci ya bi mu har cikin ƙullin magani. Na san wani dattijo, sa'ana, wanda ɗansa ya kai shi Yamai aka duba zuciyarsa, aka ɗora shi a kan Sintrom, ya ji daɗin jikinsa. Da amininsa ya yi masa kukan nauyin ƙirji a majalisa, sai tausayi ya sa ya ɓallo masa rabin nasa, ya ce ya jarraba. Aminin nan kuwa yana da tsohon gyambon ciki, ga shi kullum yana shan ƙwayar ciwon gaɓoɓi. Ba a daɗe ba bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, jiri ya riƙa ɗibarsa, sai a amalanke aka kai shi likita, daga can aka wuce da shi Dogon Dutsi. Allah Ya yi da sauran kwanansa. Mai kyautar kuma nasa ya ƙare kafin lokaci, ya zauna makonni ba kariya. Mutum biyu suka shiga haɗari saboda alheri ɗaya da aka yi ba a mahallinsa ba.

Har asfirin ɗin da ake rainawa bai dace da kowa ba. An jarraba shi a kan tsofaffi fiye da 19,000 a Ostareliya da Amurka, waɗanda ba su taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar jiki ba, aka bayyana a 2018 cewa bai ƙara musu kwana cikin lafiya ba, sai dai ya ƙara musu zubar jini. Tsufa kaɗai bai isa hujjar shan sa ba.

Sa'an nan ga abin da ake haɗa shi da shi. Ranar kasuwa za ka ga mai tebur ya baje ƙwayoyi a rana, yana ƙulla wa manomi haɗin gajiya, kuma a cikin haɗin da wuya a rasa diklofenak ko ibufurofen, waɗanda ke cin bangon ciki, su taru da maganin tsinka jini su buɗe ƙofar zubar jini. Mai wannan larura in ciwon jiki ya dame shi, farasitamol ya fi masa aminci, shi ma bisa ƙa'ida. Bactrim da Flagyl suna ƙara wa Sintrom da warfarin ƙarfi. Rifamfisin da ake ba masu tarin fuka yana rage shi ƙwarai. Jiƙo da tsimi kuwa, tun da ba a san awon abin da ke cikinsu ba, barinsu ya fi. Game da ganye, zogale da rama da alayyafo da ire-irensu suna ɗauke da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin warfarin da danginsa, amma kuskure ne a ce wa talaka ya bar ganye, alhali shi ne rabin cimarsa. Abin da ake so shi ne daidaito: kada wannan mako a wuni kan kwaɗon zogale, mako mai zuwa kuma a ƙaurace masa ɗungum.

Akwai kuma maganar wanzami, wadda na san tana da nauyi a zukata. Ƙaho abu ne da ya tabbata a sunna, ba mai musun falalarsa. Amma ƙa'idar fuƙaha'u ce cewa kawar da cuta yana gaba da jawo amfani, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Wanda jininsa ba ya saurin tsayawa, tsaga da sakiya da ƙaho ba nasa ba ne sai da yardar likita, kuma ya wajaba ya faɗi halinsa kafin a cire masa haƙori ko a yi masa kowane irin aiki. Azumi bai zama dalilin ajiye magani ba, tun da mafi yawansu sau ɗaya ake sha a yini. Kafin watan ya kama a je a tambaya, a mayar da shi lokacin buɗa-baki ko sahur. Mace mai shan warfarin ko Sintrom da ta ga alamar ciki, ta hanzarta zuwa awo, don suna iya cutar da ɗan tayi, kuma akwai allurar da ake musanya mata da ita.

Abin da ya fi wahalar da mu mutanen karkara shi ne gwajin jini da ake kira INR, wanda da shi likita ke sanin ko awon ya yi daidai. Ga mafi yawan masu sha ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3, in ya yi ƙasa jini na iya curewa, in ya haura yana iya zuba. Ba a kowace likita ake yin sa ba, kuma daga nan zuwa Dogon Dutsi ko Doso kuɗin mota ne da asarar wuni, ga tsoho mai jan ƙafa. An fito da sababbin magunguna, irin su Xarelto da Eliquis, da ba sa bukatar wannan gwaji a kai a kai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da jinsinsu cikin jerin magunguna na wajibi a 2019. Sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin mai rumbu ɗaya, kuma wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe ba su dace da shi ba. A ganina haƙƙi ne a kan mahukunta su kusanto da gwajin nan ga talakawa, domin ba adalci ba ne a miƙa wa mutum maganin da ke bukatar awo, a bar ma'aunin a birni.

Kafin Allah Ya kawo wannan rana, 'ya'yana da jikokina, ku da kuke ci-rani kuna aiko da kuɗin magani, ku sani aikowar ba ta sauke muku nauyi duka ba. Ku sa wani a gida ya san sunan maganin tsohonku da awonsa da lokacin shan sa, a rubuta a takarda ta zauna a aljihunsa, ya nuna wa ma'aikacin lafiya duk ranar da ya je likita. In kuka ga haɓo ya wuce minti goma bai tsaya ba, ko fitsari ya yi ja, ko bayan gida ya yi baƙi, ko ya yi aman jini, ko ciwon kai mai tsanani ya sauko masa farat ɗaya, ko kuwa ya faɗi ya bugi kai ko da bai ji rauni ba, kada ku jira gari ya waye. Ku nemi abin hawa a daren, ku tafi da shi tare da kwalin maganinsa.